Harafi ɗaya daga Baba, ɗaya daga Umma

Ni 'yar Tudun Wada ce a cikin garin Kaduna. A nan aka haife ni, a nan na tashi, kuma tun ina goye nake ɗauke da cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila. Yanzu na haura shekara talatin, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata, ina da aure da ɗiya ɗaya. Na faɗi wannan tun da wuri saboda iyayen da aka riga aka tsorata da cewa irinmu ba ma kai shekara ashirin. An gaya wa Umma haka a gabana, ina kwance ina ji.

Mu huɗu Umma ta haifa. Na fari namiji ne, ban san shi ba, kuma har yau ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, sai dai ta ce "marigayi". An ce ya taso ɓul-ɓul har wajen wata shida, sannan hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, yana kuka dare da rana, in an taɓa shi ya ƙara ƙwalla ƙara. Bai cika shekara uku ba, wata rana cikinsa ya ɗaga ta gefen hagu, ya yi fari fat, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Yayata da ta biyo shi lafiyarta ƙalau. Sai ni, sai autanmu, shi ma lafiya.

Da nawa hannuwan suka fara kumbura, Goggo, yayar Baba, ta ce wabi ne, wancan yaron ne ya dawo. Aka laƙaba min irin sunan da ake ba 'ya'yan wabi, wai don mutuwa ta raina ni ta wuce. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka jiƙa saiwoyi. Da asibiti suka ce sikila ce kuma gadonta ake yi, sai magana ta koma kan daga wane gida aka gado ta. Ana cikin haka Baba ya ƙara aure, Anti ta zo ta yi ta haihuwa, 'ya'yanta ba mai ko ciwon kai na kirki. Shi ke nan Goggo ta sami hujja. A gidan suna, a gidan biki, a tsakar gidanmu, sai ta ce, "Ai kowa ya gani da idonsa. Jinin ɗan'uwana lafiyayye ne, daga can aka kwaso mana." Umma ba ta taɓa tanka mata ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi.

Likitoci sun sha gaya mata cewa daga uba da uwa ake haɗa cutar. Amma ita ce ke shiga wurin likita, Baba yana waje yana fafutukar kuɗin magani da neman jini. In ta dawo gida ta ce ga abin da aka ce, wa zai yarda da ita alhali ga 'ya'yan kishiya nan suna tsalle a tsakar gida? Ita kanta a ƙasan ranta ba ta gama yarda ba. Baba ba mutum ne mai zafi ba. Tela ne a Kasuwar Bacci, ya taɓa sayar da kekensa ɗaya saboda ni, bai taɓa yi min gori ba. Sai dai bai taɓa tsawata wa Goggo ba, don shi ma haka yake zato.

Wanda bai taɓa ganin tashin ciwon ba ba zai gane abin da Umma ta ɗauka ba. Lokacin hunturu ya fi zuwar min, ko in ruwan sama ya doke ni, ko in zazzaɓin cizon sauro ya riga shi zuwa. Yakan fara da wani tsamin jiki a ƙugu ko a cinya, in ji shi in yi shiru ina fatan zai wuce. Zuwa tsakar dare sai ya shiga cikin ƙashi, ba wurin da za ka sa hannu ka ce nan ne, kwanciya ba ta yiwuwa, zama ba ya yiwuwa. Umma takan hura gawayi a ƙofar ɗaki, ta ɗora tukunya, ta jiƙa tawul a ruwan zafi ta matse ta ɗora min, in ya huce ta sake. Tafin hannunta har ya yi kanta saboda wannan aikin. Tana dannawa tana karanta Ƙulhuwallahu a hankali don kada ta ta da gida, tana tura min kofin ruwa a baki tana cewa, "Daure ki sha, 'yar nan, ko kurɓi biyu." In asuba ta yi bai lafa ba, Baba ya fito da babur, a sa ni a tsakiya.

Asibiti kuwa na ga masu kirki da yawa, waɗanda har yau nake musu addu'a. Na kuma ga wata ma'aikaciya a wani asibiti da ta dube ni ina murƙususu ta ce, "Ku dai kun saba da allurar nan, ita kike nema." Ban musa cewa akwai masu sikila da allurar kashe raɗaɗi ta kama su ba, na san wasu, abin tausayi ne. Amma a tuhumi yarinya a lokacin da ko numfashi da ƙyar take yi, wannan zalunci ne, kuma har yau ana yin sa.

Karatu na yi shi a tsinke, zango ɗaya a aji, rabin zango a gado. Idona rawaya ne, ni ce ƙarama a kowane aji, har ana tambayata ko shawara gare ni. Duk da haka Allah Ya sa na gama sakandare, na sami gurbi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Zariya, na zaɓi ilimin halittu saboda ina son in san abin da ke cikin jinina.

A shekara ta biyu muka zo darasin gado. Malaminmu ya bayyana cewa a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jiki. An rubuta umarnin da sinadarai huɗu kacal, adenin, tayamin, guwanin da sayitosin, shi ya sa masana ke kiran su harufa, A, T, G da C. Abin da mutum ke karɓa daga uwa kimanin harufa biliyan 3 ne, daga uba ma haka. Jiki yana karanta su uku-uku, kowane uku na nuna wane amino asid, wato ƙaramin tubalin da ake gina furotin da shi, za a ɗora a jerin da zai zama furotin.

Sai ya ce bari ya ba mu misali da abin da muka sani a gidajenmu. Ya rubuta GAG a allo, a ƙarƙashinsa ya rubuta GTG. Ya ce jan da ke cikin jini furotin ne mai suna haimogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa kowace gaɓa. Sarƙa huɗu gare shi, biyu alfa, biyu beta. Umarnin sarƙar beta yana kan kuromozom na 11, wato ɗaya daga cikin sassan da zaren DNA ya kasu, kuma amino asid 146 ne a jere a cikinta. A gurbi na shida, yawancin mutane GAG suke da shi, wanda ke kawo gulutamik asid. Mai sikila kuwa A ɗin tsakiya ya zama T, sai a sami balin a gurbin. Ya ajiye alli ya ce, "Iyakarta ke nan. Duk wahalar da kuke gani daga wannan harafin take."

Ban iya rubuta komai ba a ranar. Ina kallon T ɗin nan ina tuna daren hunturu da tawul ɗin Umma.

Daga baya na bi bayanin a natse har na gane shi. Gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake yi. Muddin haimogulobin yana riƙe da oksijin, ba a ganin matsala. Da zarar ya sauke oksijin a cikin jiki, sai balin ɗin nan ya nemi inda zai maƙale a jikin haimogulobin na kusa da shi, wancan ma ya kama na gaba, har su zama dogayen sanduna masu tauri a cikin jar ƙwayar jini. Ƙwayar da ya kamata ta zama mai laushi, tana lanƙwasa ta bi ta ƙananan hanyoyin jini, sai ta ƙage ta yi siffar lauje, ta toshe hanya. Gaɓar da jini bai isa gare ta ba ita ce ke wannan azabar. Sanyi yana tsuke hanyoyin jini, rashin ruwa a jiki yana sa haimogulobin ya cunkushe ya yi saurin maƙalewa, zazzaɓi yana ƙara buƙatar oksijin. Ashe ruwan da Umma ke tura min da tawul mai zafi suna kan hanya, ko da yake ba ta san dalili ba. Lafiyayyar jar ƙwaya takan yi kimanin kwana 120, tamu kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Shi ya sa kullum jininmu ke ƙasa, kuma abin da ke fita daga fasassun ƙwayoyin shi ke rina mana ido. Saifa ce ke tace jini, a wasu yara takan tara jini ta kumbura farat ɗaya, kuma na yi imani abin da ya ɗauki yayana ke nan.

Na yi mamakin yadda aka daɗe da sanin wannan. Tun 1910 wani likita a Chicago ta Amurka, James Herrick, ya ba da rahoton ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa haimogulobin ɗin kansa ne ya bambanta. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano cewa bambancin amino asid ɗaya ne tak. Duk wannan ya faru tun ba a haifi Umma ba, amma ta shekara ashirin da ɗoriya tana shan gori a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da harafin.

Abin da ya fi tsaya min shi ne lissafin gadon. Kowa kwafi biyu yake da shi na wannan umarni, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA duka biyun GAG ne. Mai AS ɗaya GAG, ɗaya GTG, kuma galibi lafiyarsa lau yake rayuwa, bai ma san yana da shi ba. Mai SS irina duka biyun GTG ne. Uwa kwafi ɗaya kaɗai take iya bayarwa. Ɗayan T ɗin da ke jikina dole daga Baba ya fito.

Da na zo hutu na sami Umma a ɗaki bayan la'asar tana tsince shinkafa. Na zauna kusa da ita na ɗauko takarda na rubuta mata GAG da GTG, na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ba ta yi boko ba, amma ta yi allo har ta sauke. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, "Kamar fa da ƙaf ke nan a rubutun allo. Ɗigo ɗaya ne, in yana ƙasa fa ce, in ya koma sama ƙaf ce, kalma ta canza." Na ce haka ne, Umma. Ta ce, "To, kika ce ɗaya nawa, ɗaya na babanku?" Na ce babu yadda za a yi ya zama ba haka ba. Ta ajiye farantin, ta juya baya, na ga kafaɗunta suna rawa. A iya sanina wannan ne karo na farko da ta yi kuka a gabana ba don ina ciwo ba.

A cikin bayanin na ce kuskure ne aka samu a harafin, sai ta juyo ta ce, "Kul, kada ki ƙara cewa kuskure. Allah ba Ya kuskure." Na gaya mata abin da wani masani, Anthony Allison, ya nuna a 1954 a gabashin Afirka: yara masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa harafin ya yawaita a ƙasashen sauro, domin kakanninmu masu ɗauke da kwafi ɗaya sun fi rayuwa su hayayyafa. Ta ce, "Kin ji ko." Tun daga ranar na daina amfani da waccan kalmar, har a aji. Canji nake cewa. Sai dai ina jan kunnen ɗalibaina cewa wannan kariyar ta masu AS ce kuma ba cikakkiya ba ce, mu masu SS kuwa zazzaɓin sauro yana iya kashe mu, gidan sauro wajibi ne a kanmu.

Ba zan iya fuskantar Baba in ce masa ya je a gwada shi ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Sai na roƙi likitan da ke duba ni ya ce yana son ganin mahaifina, ya kuma nemi a gwada gida duka. Sakamako ya fito: Baba AS, Umma AS, Anti AA. Yayata AS, autanmu AA. Cikin 'ya'yan Anti wasu AA, wasu AS, kuma wannan S ɗin ba ta da inda za ta fito sai wurin Baba. Ya karɓi takardun ya ninke ya sa a aljihun gaba, bai ce mana komai ba. Bayan wasu makonni Goggo ta zo, ta fara maganarta da ta saba, sai muka ji muryarsa daga zaure: "Yaya, a bar maganar nan haka. Rabin abin daga wurina yake." Goggo ba ta taɓa yarda ba har ta koma ga Allah, takan ce aikin takardar likita ne. Allah Ya jiƙanta, ita ma ta kwana a kaina a asibiti ba sau ɗaya ba, ta kuma sayar da akuyarta ta biya min jini. Amma bakinta ya mutu a kan Umma daga ranar.

Sanin nan ya canza yadda nake kula da kaina. Jariri a ciki yana da wani nau'in haimogulobin dabam da ba shi da sarƙar beta, saboda haka canjin harafin bai shafe shi ba. Bayan haihuwa yake raguwa a hankali, wannan ne dalilin da yayana ya yi wata shida lafiya kafin kumburi ya fara. Akwai magani mai suna haidiroksiyuriya da ke sa jiki ya ƙara samar da wannan haimogulobin na jarirai. Tun da likita ya ɗora ni a kansa tashin ciwo ya ragu min sosai, ko da yake sai ana gwada jini a kai a kai, kuma an dakatar min da shi lokacin da nake neman haihuwa. An yi babban bincike a asibitocin Kano da asibitin koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna kan amfani da shi don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, bayan an auna gudun jinin ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Duk mai yaro SS daga shekara biyu zuwa sama ya tambayi likita wannan awon. Ga folik asid, ga rigakafi, ga maganin kariya daga zazzaɓin sauro, ga ruwa, ruwa, ruwa.

Warkewa gaba ɗaya ma akwai ta, ga mai hali. An fara dashen ɓargo a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mutum a taɓa DNA ɗinsu a mayar masa. Ba ya gyara T ɗin, yana farkar da haimogulobin na jarirai ne ya ci gaba da fitowa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Na yi murna da jin labarin, na kuma ji ɗaci, domin a layinmu akwai uwar da ke raba ƙwayar magani biyu don ta kai ƙarshen wata.

Da maganar aure ta taso, wanda na fara so AS ne. Ni SS, shi AS, kowane ciki rabi da rabi ne a haifi mai irin ciwona. Ya ce mu dogara ga Allah. Na ce na dogara, amma na san daren hunturu, ba zan iya kallon ɗana a cikinsa ba alhali na sani tun farko. Mun rabu, na daɗe ban dawo daidai ba. Mijina na yanzu AA ne, ya san komai kafin ya turo magabatansa, danginsa sun so su hana shi, ya tsaya. Cikin ɗiyarmu ya ba ni wuya ƙwarai, sai da aka ƙara min jini, amma ta zo lafiya. AS ce, kamar yadda duk ɗan da zan haifa da shi zai kasance, kuma zan gaya mata da bakina tun kafin ta san mene ne saurayi.

Abin da ke damuna yanzu shi ne lokacin da muke yin gwajin. Masallatai da coci-coci da yawa suna neman takarda kafin ɗaurin aure, jihar Kano ma ta yi doka a kai a 2024, kuma na goyi bayan haka. Amma gwajin da ake yi bayan an kai lefe, an buga kati, an shaƙu shekara biyu, ya zo a makare. A lokacin ne ake neman wanda zai rubuta AA a takarda, ko a ce ai ɗaya ne cikin huɗu, mu haifi uku mu tsaya. Lissafin ba haka yake ba. In AS ya auri AS, kowane ciki da kansa yana da ɗaya cikin huɗu, ana iya jera SS uku, ana iya haihuwar shida ba ko ɗaya. Wasu kuma suna rikita rukunin jini da wannan gwajin, ka tambayi mutum ya ce maka shi O ne. O da A da B maganar ƙarin jini ce, ba ruwansu da sikila. Akwai kuma AC, wanda a wannan gurbi na shida G na farko ne ya zama A, aka sami AAG. Ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, amma muna da shi a nan, kuma in ya haɗu da S ana haifar SC, ita ma cuta ce. Wanda aka ƙara wa jini kwanan nan ya jira wata uku zuwa huɗu kafin gwaji, don jinin wani yana iya ɓata sakamako. Kuma a gwada a wuri biyu.

Duk shekara in mun zo darasin gado, musamman kusa da 19 ga Yuni da ake ranar sikila ta duniya, ina rubuta GAG da GTG a allo, in gaya wa 'yan matan cewa malamarsu SS ce. Ajin yakan yi tsit, sannan tambayoyi su ɓarke. Ina roƙonsu su je gida su nemi iyayensu su kai su gwaji yanzu, tun ba kowa a ransu. Wasu sukan tsaya bayan an tashi su ce suna da ƙani ko ƙanwa mai ciwon, kuma ana cewa daga mamansu ne. Waɗannan nakan ba su takarda in zana musu lissafin su kai gida.

Ƙanwata 'yar Anti, ɗaya daga cikin masu AS, za a yi bikinta bayan babbar sallah. Da manemin ya turo, Baba ya ce ba zai sa rana ba sai ya ga takarda daga wurare biyu. Yaron ya kawo, AA ne. Baba ya sa tabarau ya karanta da kansa, sannan ya aika a kira Umma da Anti su ma su gani kafin ya ba da amsa.